Lemo a Gwangwanin Fenti

Da sassafe, kafin jiragen ruwa su fara kuka a Valparaiso,
na fito ba shuka ruwa, ido rabi a rufe,
sai ga shi:
lemon tsami guda, kore shar, bai kai ƙwan tantabara ba,
a jikin icen da Fresia ta dasa cikin gwangwanin fenti.
Shekara bakwai yana biyana da ganye da ƙaya.

Na juya in ce, "Zo ki gani."
Kujerarta ce ta dube ni.

Labari mai daɗi burodi ne da zafinsa,
in ka riƙe shi a hammata sai ya sandare.
Na zura takalma, na ja ƙofa,
na kama matakalar unguwarmu mai gangarawa teku.

A mataki na goma sha biyu Zunilda tana shanya,
iska na kokawa da zanen gadonta.
"Albishirinki," na ce, "icen nan ya haihu."
Ta zare ƙugiyar shanya daga bakinta, ta tafa.
"To karɓi tukuici: jiya na laluba tsohuwar rigar sanyi,
na ci karo da kuɗin da na manta tun bara.
Kifi na saya.
Ni kaɗai na cinye, har kai, ban ji kunyar kowa ba."

Gaba kaɗan Eladio ya tare ni da sanda,
wai gwiwarsa ta kwana ba ta yi masa tsegumi ba.
Ya ɗaga ƙafar ya nuna mini
kamar sabuwa ce daga kanti.

Nibaldo kuwa a guje ya wuce, takarda a hannu,
ya ci jarrabawar walda a zama na uku.
Bai tsaya jin nawa ba.
Na yafe masa, ƙuruciya ba ta da birki.

A gidan burodi Herminia ta saurare ni har ƙarshe,
gari a goshinta, gari a gira.
Ta sunkuyo ta rage murya:
"Ƙanwata ta bugo waya daren jiya.
Shekara goma sha ɗaya muna gaba a kan tukunya ɗaya ta gado.
Ka san me ta tambaya? Yawan gishirin da Mama ke sa wa miya."
Ta ƙara mini burodi biyu, ta ƙi karɓar kuɗi.

Can ƙasa, inda warin kifi ke haɗuwa da na man jirgi,
Baltazar na zaune a kan igiya naɗaɗɗiya.
Wata huɗu ke nan da aka sallame shi daga tasha.
Na so in haɗiye maganata, amma ta riga ta fito.
Ya yi shiru, yana murza hula.
"Ni yau ba ni da komai," in ji shi.
Tsuntsun teku ya gitta. Wani ya biyo shi.
"Amma ara mini naka zuwa yamma."

Da yamma suka zo, ba wanda na gayyata.
Zunilda da kofuna, Herminia da ragowar ciniki,
Eladio yana ƙirga matakala da babbar murya,
Nibaldo da takardarsa, ta riga ta yi laushi don nunawa.
Manya shida muka kewaye gwangwani
muna kallon abin da ko shayi kofi ɗaya ba zai isa ba.
Aka yi gardama kan ranar da zai nuna.

Baltazar ne ya zo ƙarshe, ya tsaya a bakin ƙofa.
Duk wurin zama ya cika, saura ɗaya.
Na share ƙurar kujerar da hannun rigata,
na jawo masa ita kusa da icen.